Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Ministan Ƙwadago da Hukumar NSITF kan Gwiwoyin Ma'aikatan Gini

Zuwa ga Mai Girma Ministan Ƙwadago da Samar da Ayyukan Yi, da shugabannin hukumar inshorar ma'aikata ta NSITF, tare da sanar da 'yan kwangila da shugabannin ƙungiyoyin magina.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri.

Mu masu wannan takarda likitocin ƙashi ne da likitocin fisiyo (masu gyaran gaɓɓai ta hanyar atisaye) da jami'an kula da lafiyar ma'aikata. Abin da ya sa muka rubuto shi ne ciwon gwiwar da ke raba birkila da lebura da mai ɗaure rodi da mai shimfiɗa tayil da sana'arsu tun suna 'yan shekara 45 ko 50, daidai lokacin da nauyin iyali ya fi yawa a kansu. Idan lebura ya faɗo daga bene, kowa ya yarda haɗarin aiki ne. Amma idan gwiwarsa ta cinye a hankali cikin shekara 20 na hawa da sauka da kwanon sarki a ka, sai a ce tsufa ne, ko sanyi ne ya kama shi, foman ya daina kiransa, shi ke nan. Muna so gwamnati ta ɗauki amosanin gwiwa a wajen ma'aikacin gini a matsayin cutar da aiki ke jawowa, a riƙa auna ƙarfin mutum na ci gaba da aiki tun ciwon bai yi nisa ba, a kuma gyara yadda ake gudanar da aikin a filin gini.

Duk wanda ya taɓa fasa gaɓar ƙafar rago ya ga wani farin guringuntsi mai santsi da ya lulluɓe kan ƙashin. Irinsa ne a gwiwar mutum, kaurinsa bai wuce milimita 2 zuwa 4 ba a yawancin wurare. Ya rufe ƙarshen ƙashin cinya, da saman ƙashin ƙwauri, da bayan ƙoƙon gwiwa. Tsakanin manyan ƙasusuwan biyu akwai wasu faya-fayan guringuntsi guda biyu, ɗaya ta ciki ɗaya ta waje, masu rarraba nauyi don kada ya taru a wuri ɗaya. Guringuntsin nan ba shi da hanyar jini, daga ruwan gaɓa yake samun abincinsa, shi ya sa idan ya zaizaye ba ya komawa yadda yake. Ba shi kuma da jijiyar jin zafi, saboda haka yana iya shekaru yana lalacewa mai shi bai sani ba. Zafin yana zuwa ne bayan ɓarnar ta kai ga ƙashin da ke ƙarƙashi da tantanin da ya kewaye gaɓar. A nan ne ƙashi ke kauri, ya fitar da tsiro a gefe-gefe, gwiwa ta tara ruwa, tsokar cinya ta rame. Ɓangaren ciki ne ya fi saurin cinyewa domin shi ke ɗaukar kaso mafi yawa na nauyi, kuma idan abin ya yi nisa ƙafa takan karkace, gwiwoyi su buɗe waje, nauyin ya ƙara komawa kan gefen da ya riga ya lalace.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 mutum miliyan 528 ne ke fama da amosanin gaɓɓai a duniya, miliyan 365 daga cikinsu a gwiwa. Mafi yawansu sun haura shekara 55. Ma'aikacin gini yakan riga sa'o'insa shiga wannan lissafi, kuma dalilin a bayyane yake idan aka duba abin da gwiwarsa ke ɗauka.

A tafiya kawai a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, ƙarfin da ke sauka a gwiwa yakan ninka nauyin jiki sau 2 zuwa 3. A hawan matakala yakan kai sau 3 zuwa 4. A tsuguno sosai, matsin da ke bayan ƙoƙon gwiwa yana iya kaiwa sau 7. Yanzu a ɗauki ranar zuba dekin. Idan rufin yana da tsawon mita 10 da faɗin mita 10 da kaurin santimita 15, kankaren da zai ci ya kai kubik mita 15 (kubik mita ɗaya shi ne cikin akwati mai mita 1 ta kowace fuska), kuma kowace ɗaya nauyinta kusan kilo 2,400 ne. Jimla tan 36 ke nan. A yawancin gine-ginen da ake yi a Kano da Kaduna da unguwannin gefen Abuja, a ka ake hawa da wannan kaya. Idan kowane kwano ya ɗauki kilo 30, kwano 1,200 za a hau da shi. A raba wa lebura 20, kowa ya hau sau 60 ya sauko sau 60, a kan gangaren katako mai tsayin mita 3 wanda kafinta ya haɗa da safe cikin gaggawa. Mutum mai kilo 65 da kaya mai kilo 30, kowane taku na hawa yana aza wa gwiwa ɗaya abin da ya kusa kilo 285. Kuma da gudu ake yi, domin kankare ba ya jira, ga shi aikin jinga ne, sai an gama a sallami kowa.

Sauke siminti ma haka. Buhu kilo 50 ne, tirela takan ɗauko 600, samari kaɗan ne ke sauke ta. Hukumar NIOSH ta Amurka, mai binciken lafiyar ma'aikata, ta sa kilo 23 a matsayin iyakar abin da ya dace mutum ya riƙa ɗagawa, shi ma idan kayan na kusa da jiki kuma ba a murɗa ƙugu. Buhunmu ya ninka haka da ɗoriya. Bulo mai inci 9 yakan haura kilo 20, to birkilan da ya jera 100 a yini ya ɗaga tan 2, kuma layuka uku na farko a tsugune ko a sunkuye yake jera su. Mai ɗaure rodi yana wuni a tsugune a kan ragar ƙarfe yana murɗa waya, yana matsawa da tafiyar agwagwa ba tare da ya miƙe ba. Wannan murɗa gwiwa alhali tana lanƙwashe kuma tana ɗauke da nauyi ita ce ta fi yaga faifan guringuntsi na ciki. Mai tayil da mai intalok da mai shafe jaman fulo a durƙushe suke samun abincinsu. A ƙara da tsalle daga bayan tifa, da silifas a kan tsakuwa, da targaɗen da aka ɗaure da tsumma aka koma aiki washegari. Gwiwar da faifanta ya taɓa yagewa ko jijiyarta ta ciki ta tsinke tana da haɗarin kamuwa da amosani ninkin-ba-ninkin wadda ba ta taɓa rauni ba. A Filato da wasu jihohi mata ma suna ɗaukar yashi da kankare a ka, kuma mata sun fi maza saurin kamuwa da wannan cuta.

Ba mu ne muka fara faɗin haka ba. Bincike a Ingila da Denmark da Finland ya daɗe da nuna cewa durƙuso da tsuguno na sama da awa ɗaya a yini, musamman idan sun haɗu da ɗaukar kaya mai nauyi, suna ƙara haɗarin amosanin gwiwa. Jamus ta sa cutar cikin jerin cututtukan aiki a 2009, da sharaɗin mutum ya tara awa 13,000 na aikin durƙuso ko tsuguno a rayuwarsa, aƙalla awa ɗaya a kowace ranar aiki. Mai tayil da ke durƙusa awa 4 a yini, kwana 250 a shekara, zai cika wannan adadi cikin shekara 13. Yaron da ya fara koyo yana ɗan 17 ya cika shi yana ɗan 30. Birtaniya ta amince da cutar ga masu haƙar kwal a 2009, sannan ga masu shimfiɗa daɓe da kafet a 2012. Jerin cututtukan aiki na Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya na 2010 ya ambaci yagewar faifan gwiwa saboda daɗewa a durƙushe ko a tsugune, da kumburin jakar ruwan da ke gaban ƙoƙon gwiwa. Najeriya ta rattaba hannu kan yarjejeniyar ƙungiyar mai lamba 155 a 1994, da mai lamba 187 a 2022, dukkansu kan kare lafiyar ma'aikaci a wurin aiki.

Ranka ya daɗe, inda muka fi so ka tsaya shi ne batun iya aiki, domin a nan ake yawan kuskure. Hoton ƙashi ba ya faɗin ko mutum zai iya aiki. Akwai mai hoton da ya nuna guringuntsi ya kusa ƙarewa amma yana jera bulo lafiya lau saboda tsokar cinyarsa na da ƙarfi kuma a tsaye yake aikinsa. Akwai kuma mai ɗan sauyi kaɗan a hoto wanda ba ya iya hawa tsani. Iya aiki ya dogara ne da abu biyu a haɗe, halin da gwiwar ke ciki da irin abin da aikin ke nema daga gare ta. Na biyun yana hannun ɗan kwangila.

Gane cutar ba ya buƙatar kuɗi mai yawa. Mutumin da ya kai shekara 45, yana jin ciwon gwiwa idan ya yi aiki, kuma sanƙarewar da yake ji da safe ba ta wuce minti 30, za a iya cewa amosani ne ko ba a yi hoto ba. Idan za a yi hoton, a tsaye ya kamata a ɗauka, nauyin jiki na kan ƙafa, domin a kwance sararin da ke tsakanin ƙasusuwan yakan buɗe ya ɓoye ɓarnar. Don auna iya aiki kuma, cibiyar lafiyar ma'aikata ta Finland ta samar da wani ma'auni tun a shekarun 1980, mai sassa 7, makinsa daga 7 zuwa 49. Wanda ya sami 27 zuwa ƙasa yana cikin mummunan hali, 28 zuwa 36 matsakaici, 37 zuwa 43 mai kyau, 44 zuwa sama kuma ba shi da matsala. Tambayarsa ta farko kaɗai ma tana aiki: idan lokacin da ka fi ƙarfi a rayuwarka maki 10 ne, yau nawa za ka ba kanka? A haɗa wannan da gwaji uku da jami'in lafiya na matakin farko zai iya yi cikin minti 10. Sau nawa mutum zai tashi daga kujera ya zauna cikin daƙiƙa 30 ba tare da dafa hannu ba. Zai iya hawa da sauka daga bulo mai tsayin santimita 20 sau 10 da kowace ƙafa. Zai iya tsugunawa ya tashi. Sai a tambaye shi kwana nawa ciwon ya hana shi fita aiki a wata uku da suka wuce, da ƙwaya nawa yake sha kafin ya fita, da ko ya fara sallah a zaune, da ko masai na tsuguno ya fara gagararsa. Waɗannan biyu na ƙarshe sukan fito da gaskiyar da mutum ke ɓoyewa.

Kuma yana ɓoyewa ne da dalili. Mai aikin yini ya san ranar da foman ya ga yana ɗingishi, ranar ce ta ƙarshe da za a ɗauke shi. Saboda haka muna gargaɗi da babbar murya: idan aka kawo gwajin nan ba tare da kariya ba, zai koma hanyar tace ma'aikata a kori masu ciwo, kuma babu wanda zai sake faɗin gaskiya. Sakamakon ya tsaya tsakanin ma'aikaci da jami'in lafiya. Abin da zai je hannun ɗan kwangila shi ne shawarar aiki kawai, misali kada ya ɗauki abin da ya wuce kilo 15 a kan matakala, ko kada ya durƙusa fiye da awa ɗaya a yini. Birkilan da ya shekara 25 yana gini ba ya rasa gurbi a fili: awo da fitar da layi, duba ma'aunin kwaɓi, filasta daga ƙugu zuwa sama, riƙe injin kwaɓa kankare, kula da sito, koyar da yara. Ƙwarewar irin wannan mutum ce ke hana a zuba yashi fiye da ƙima a rage siminti, abin da ke cikin dalilan rushewar gine-gine a ƙasar nan.

Gyare-gyaren da muke nema a fili yawancinsu ba su kai kuɗin tifa ɗaya ta tsakuwa ba. Duk ginin da ya kai hawa ɗaya a sa masa fuli da igiya da bokiti, daga hawa biyu zuwa sama kuma injin ɗaga kaya ya zama sharaɗi. Inda dole sai an hau da ƙafa, gangaren hawan mita 3 kada tsawonsa ya gaza mita 12, faɗinsa ya ishe mutum ya taka da ƙafa biyu, a buga masa 'yan katakai a gicciye don kada ya yi santsi, a yi masa madafa, kuma a raba hanyar hawa da ta sauka. Sauka da kaya ya fi hawa wahalar da bayan ƙoƙon gwiwa, don haka ɓaraguzai a zuba su ta bututu ko a sauke da igiya. Tsani a jingine shi ta yadda duk mita 4 na tsayi gindinsa zai nisanci bango da mita 1, kansa ya ɗara inda za a sauka da mita 1, a ɗaure shi.

Birkila a ɗaga masa allon kwaɓi da tarin bulo su kai santimita 50 zuwa 60 daga inda yake tsaye. Bulo biyu da katako ɗaya sun isa yin haka, kuma suna cire masa ɗaruruwan sunkuyo a yini. A riƙa ɗaga katakon da yake tsayawa a kai da wuri, yadda hannunsa zai yi aiki tsakanin gwiwa da kafaɗa. Rodin ginshiƙi da na bim da na linta a ɗaure su a kan jakin katako mai tsayin ƙugu, sannan a ɗauka a kai mazauninsu. Na dekin ne kaɗai ba shi da makawa sai a ƙasa, shi ma akwai abin murɗa waya mai dogon mariƙi da ake aiki da shi a tsaye, in babu kuma a ba mutum 'yar kujera mai tsayin santimita 25 zuwa 30 da allon da zai ɗora ta a kai. Baro a cika masa iska, a shimfiɗa masa katako a kan yashi. Buhun siminti mutum biyu su kama, ko a fasa shi a raba kwano biyu. Muna kuma roƙon ma'aikatarku ta zauna da kamfanonin siminti kan fitar da buhu mai kilo 25, kamar yadda ƙasashen Turai da dama suka koma tuntuni.

Masu durƙuso suna buƙatar matashin gwiwa, amma akwai yadda yake ɓaci. Idan igiyarsa ta matse bayan gwiwa tana takura jini, mutum ya ji ƙafarsa ta mutu, ya cire ya jefar. Mai faɗin maɗauri a sama da ƙasan gaɓar ya fi, ko wanda ake zurawa a aljihun wando. Idan soson ya lotse ya daina dawowa, aikinsa ya ƙare. Dole kuma bayansa ya zama wanda ruwa ba ya shiga, domin jiƙaƙƙen siminti yana da kaifin da ke ƙona fata, kuma ƙunar ba ta zafi nan take, sai bayan awoyi a ga gyambo a kan gwiwa. A sani cewa matashin yana kare fata da jakar ruwan gaban gwiwa, amma ba ya rage matsin da lanƙwasa ke yi a cikin gaɓa. Wannan sai da miƙewa: duk minti 20 zuwa 30 mutum ya tashi ya taka na minti biyu, kuma a riƙa musayar aiki tsakanin mai yanka tayil a tebur da mai shimfiɗawa. Duk wannan ba zai yiwu ba muddin jinga ce kaɗai hanyar biya, domin wanda ake biya da yawan mitar da ya shimfiɗa ba zai tashi ba. Lokacin hutun ya shiga cikin farashin aikin tun wajen ciniki.

Abin da ke faruwa yanzu a madadin wannan duka shi ne kemis. Lebura yakan karya da haɗin ƙwayoyi: diclofenac ko piroxicam ko ibuprofen, wani lokaci biyu a haɗe, da dexamethasone, da tramol a kai. Ukun farkon suna cin bangon ciki su kawo gyambo da zubar jini, suna tayar da hawan jini, kuma ga mutumin da ke zufa a ranar watan Afrilu ba ya shan isasshen ruwa, suna iya taɓa ƙoda. Haɗa biyu ba ya ƙara sauƙi, illa kawai yake ninkawa. Dexamethasone na tsawon watanni yana kumbura fuska, ya tayar da sukari, ya raunana ƙashi. Tramol yana rufe zafin da ya kamata ya tsayar da mutum, yana kama jiki, a babban awo kuma yana kawo farfaɗiya, ga mutum a saman katako. Idan ƙwaya ta gaza sai tsaga ko ƙaho ko sakiya, ko a sami wanda zai zuƙe ruwan gwiwa da allura a shago. Ƙwayar cuta idan ta shiga cikin gaɓa tana iya cinye guringuntsi cikin 'yan kwanaki. Gwiwar da ta kumbura ta yi zafi tare da zazzaɓi, ko wadda ta maƙale ta ƙi miƙewa, ko mai zamewa mutum ya faɗi, ko mai ciwon da ke hana barci tare da rama, asibiti za a kai ta a ranar, musamman idan mai ita yana da sikila ko ciwon sukari.

Maganin da ya fi tabbata shi ne ƙarfafa tsokar cinya, kuma aikin ƙarfi ba ya maye gurbinsa, domin aiki yana gajiyar da gaɓa ne a lanƙwashe. Mutum ya kwanta rigingine, ya lanƙwasa ƙafa ɗaya, ya miƙar da mai ciwon ya ɗaga ta kamar taƙi ɗaya daga ƙasa, ya riƙe daƙiƙa 5 zuwa 10, sau 10, zagaye 3. Ya tashi daga kujera ya zauna a hankali sau 10. Ya hau bulo ya sauka sau 10. Aƙalla kwana 3 a mako, kuma sai an yi mako 8 zuwa 12 kafin a yanke hukunci. Ɗan ciwo yayin yi ba laifi ba ne muddin ya lafa kafin washegari, idan ya wuce haka ko gwiwa ta kumbura sai a rage yawan, kada a daina. Mai ƙiba ya sani kowane kilo ɗaya da ya sauke yana rage wa gwiwa kusan kilo 4 a kowane taku. Diclofenac na shafawa ya fi na sha aminci, da shi ake farawa. Sanda a hannun da ba na gefen ƙafar mai ciwo ba ake riƙe ta. Allurar steroid (dangin dexamethasone) ta cikin gaɓa tana ba da sauƙi na 'yan makonni ne, a hannun likita kawai, kuma wani gwaji da aka wallafa a Amurka a 2017 ya nuna maimaita ta duk wata uku na shekara 2 ya ƙara cinye guringuntsi ba tare da ya rage ciwo ba. Sallah a zaune ga wanda ya kasa kuwa hadisin Imrana ɗan Husaini da ke cikin Buhari ya halatta ta, ya kamata limamai su riƙa tunatarwa.

Tiyata tana nan, a Asibitin Ƙashi na Dala da ke Kano da wasu asibitocin koyarwa. Ga mai sauran ƙuruciya wanda gefen ciki kaɗai ya cinye, akwai aikin yanka ƙashin ƙwauri a daidaita shi don nauyi ya koma gefen lafiya. Ga wanda gaɓar ta ƙare akwai sauya ta da ta ƙarfe da roba, mai iya kai shekara 20 ko fiye. Amma kuɗinta miliyoyin naira ne, kuma yawancin waɗanda aka yi wa ba sa jin daɗin durƙuso bayanta, ba a kuma so su koma ɗaukar kaya mai nauyi. Tana mayar wa mutum da tafiya da barci, ba ta cika mayar masa da aikin tayil ba.

Doka tana gefen waɗannan mutane, aiwatarwa ce ta bar su. Dokar Diyyar Ma'aikata ta 2010 ta wajabta wa mai ɗaukar aiki ya biya kashi 1 cikin 100 na jimlar albashin ma'aikatansa ga asusun da NSITF ke riƙe da shi, ta haramta cire kuɗin daga ladan ma'aikaci, ta tanadi diyya kan cututtukan da aiki ya haifar, kuma ma'anar ma'aikaci a cikinta ta haɗa da na wucin-gadi da ɗan koyo da mai aikin yini. Sai dai ta ce ma'aikaci ya sanar da mai aiki cikin kwana 14, mai aiki ya sanar da hukuma cikin kwana 7, a shigar da buƙata cikin shekara ɗaya. Wannan ya dace da karaya. Ciwon da ya ɗauki shekara 20 yana taruwa a hannun 'yan kwangila 50 fa, wa za a sanar, daga wace rana za a fara ƙirge? Ɗan ci-ranin da ya taso daga Jigawa ko Katsina ko Maraɗi ya yi rani goma yana dakon kankare a Abuja da Legas ba shi da ko takarda ɗaya da ke nuna ya taɓa taka filin gini.

Don haka muna roƙon NSITF ta fitar da rubutacciyar ƙa'ida da ta ambaci amosanin gwiwa da yagewar faifan gwiwa da sunansu, ta faɗi sana'o'in da abin ya shafa da yawan shekarun aikin da ake buƙata, ta kuma bayyana cewa ƙirge yana farawa ne daga ranar da likita ya tabbatar da cutar. A samar da katin aiki ta hannun ƙungiyar ƙwadagon ma'aikatan gini ta ƙasa da ƙungiyoyin birkiloli da masu tayil na unguwanni, wanda foman zai sa wa hannu duk mako, ya zama hujja. Takardar shaidar NSITF da ake nema kafin a ba da kwangilar gwamnatin tarayya ta riƙa nuna leburorin ƙananan 'yan kwangilar da aka sayar wa aiki, domin su ne ke ɗaukar kayan, ba ma'aikatan ofis kaɗai ba. Hukumomin ba da izinin gini irin su KNUPDA a Kano da KASUPDA a Kaduna su sa abin ɗaga kaya cikin sharuɗɗan izinin ginin bene. Kuɗin matashin gwiwa da takalmi da hayar injin ɗagawa su fito a matsayin layi na kansu a takardar ƙiyasin kwangila, don kada mai neman rage farashi ya fara da su.

Dokar inshorar lafiya ta 2022 ta wajabta inshora ga kowa, saboda haka muna roƙon a shigar da ma'aikatan gini rukuni-rukuni ta ƙungiyoyinsu, kuma zaman fisiyo ya kasance cikin abin da inshorar ke biya, tare da horar da jami'an asibitocin matakin farko kan gwajin minti 10 da atisayen da muka bayyana. Masu duba wuraren aiki na ma'aikatarku kuma, idan sun shiga fili, bayan hular kwano da bel, su tambayi yadda kankare ke hawa sama, su auna gangaren, su duba gwiwar wandon mai tayil. A shirye muke mu zauna da jami'anku da ƙungiyoyin magina mu rubuta ƙa'idar gwajin da Hausa da sauran harsunan da ake yi a filin gini.

Allah ya taimaki Minista, ya ba ku ikon sauke nauyin da ke kanku.

Naku,
Wasu likitocin ƙashi, likitocin fisiyo da jami'an kula da lafiyar ma'aikata.